Sabon Rim a Tsohuwar Akori-kura: A Auna Kafin a Saya

Ƙasar Sakkwato ta ci moriyar akori-kurar Fijo ƙwarai. Ita ta riƙa ɗauko albasa daga Goronyo da Wurno, ta kai hatsi da dabbobi kasuwar Kara, ta yi ta safa da marwa tsakanin gari da Illela ranar kasuwa. Ƙirar 404 ta fito a Faransa a 1960, ƙanwarta 504 ta biyo baya a 1968, kuma tun da masana'antar PAN ta fara aiki a Kakuri ta Kaduna a 1975, Fijo ta zama motar gida a Arewa. Da wuya ka sami tsohon bakanike a garin nan wanda bai san cikinta ba. Yau ragowar waɗannan motoci da tsofaffin Hilux sun fara komawa hannun 'ya'ya da jikoki. Wani zai sake mata fenti, ya gyara kujeru, sannan ya ce yana so a sassauke ta ta ɗan kusanci ƙasa, a sa mata rim na aloi mai sheƙi, don in ya biyo Sama Road da la'asar a waiwayo a dube ta. Ina goyon bayan wannan sha'awa, domin motar da aka raya ta fi wadda aka sayar wa 'yan gwangwan a kilo. Sai dai aikin ƙafa ba ya jure ƙiyasi. Fenti in ya ɓaci a sake, amma ƙafar da ta fita a guje ran mutane take taɓawa.

Wannan ado daga Amurka ya samo asali. A can tsofaffin Chevrolet C10 da Ford F-100 su ne abin ƙauna, ana sauke su har cikinsu ya kusa shafar kwalta, a sa musu rim mai inci 20 ko 22. Hotunansu ne ke yawo a wayoyin matasanmu. Abin da hoton ba ya nunawa shi ne yawancin motocin nan sun daina ɗaukar kaya, kuma ba sa haɗuwa da irin ramukan da damina ke bari a cikin unguwanninmu. Amma akwai wata doka tasu da ta cancanci mu ara. A 1958 jihar Kalifoniya ta hana a tuƙa motar da aka sauke har wani sashe na jikinta ya fi ƙasan rim kusa da ƙasa. An soke dokar daga farkon 2024, hikimarta kuwa tana nan: in taya ta fashe, motar za ta zauna a kan rim, to duk ƙarfen da ya fi rim sauka shi zai caki kwalta. Ko salansa ne, ko yubol, ko kaskon baƙin mai, kada ya wuce wannan iyaka.

Kafin ka taɓa komai, ka amsa wa kanka tambaya ɗaya da gaskiya: motar nan za ta ci gaba da ɗaukar kaya ko ta yi ritaya? Mutane da yawa kan ce ta kwalliya ce kawai, amma ranar da aka tashi biki a gida ko gini ya taso, ita za a ɗora wa kujeru da siminti. Idan akwai yiwuwar haka, to duk lissafin da zai biyo baya a yi shi a kan mota mai lodi.

Saukewa ita ce farko

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a fara sayen rim, daga baya a sauke motar, sai a tarar taya na gugar fenda. Tela ba ya yanka shadda sai ya auna mai ita, kuma motar da za ka auna ita ce wadda ta riga ta zauna a tsayin da za ta rayu a kai. Don haka a sauke ta da tsofaffin ƙafafunta, a tuƙa ta na 'yan kwanaki sifirin ya zauna, sannan a ɗauko tef.

Bayan waɗannan motoci sifirin mai falle-falle ne. Ka leƙa ka ga ko sifirin ɗin ta ƙarƙashin aksul ya bi ko ta samansa. In ta ƙarƙashi ne, ana sa dunƙulen ƙarfe tsakaninsa da aksul, motar ta sauka daidai kaurin ƙarfen, tare da sababbin yubol masu tsawo. In ta sama ya bi, kamar a Hilux mai ja da ƙafa huɗu, wannan dunƙulen ɗaga motar zai yi, kuma irin wannan mota ba don saukewa aka yi ta ba. A ganina inci biyu, wato kusan milimita 50, ya isa a hanyoyinmu. Zare falle ɗaya ko biyu daga sifirin yana sauke mota, amma yana tafiya da ƙarfin ɗaukar kayanta. A gaba kuwa, inda sifirin mai naɗi yake, kada ka yarda a gasa shi da wutar walda don ya lanƙwashe. Zafin yana kashe ƙarfen, ɓangare ɗaya ya fi ɗaya sauka, wata rana ya karye ba sallama.

Akwai abin da ake yawan mantawa. Yawancin akori-kura suna da wani bawul a kusa da aksul na baya wanda ke ƙara wa birkin baya ƙarfi idan lodi ya danne motar. Da zarar an sauke ta, bawul ɗin zai ɗauka kullum da kaya take, sai ƙafafun baya su riƙa kamewa da wuri alhali babu komai a bodi, bayan motar ya juya a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Ka ce wa bakanikenka, "Maigida, a duba saitin bawul ɗin birkin baya." Haka ma shakazoba: in ta yi wa sabon tsayin tsawo, za ta riƙa dukan ƙarshenta har ta fashe. A kuma bar tazara tsakanin aksul da robar da ke tare shi a jikin shasi.

Awo huɗu na rim

Na farko shi ne ramukan noti: nawa ne, kuma a kan wane faɗin da'ira suke zaune. Masu sayarwa kan rubuta shi kamar 4x140 ko 5x114.3, lambar farko yawan ramuka, ta biyu faɗin da'irar da milimita. Fijo 504 ta shiga, wato salun, ramuka huɗu gare ta a kan 140. Salun ɗin 404 uku gare ta. Akori-kurarsu kuwa biyar ne a kan 140, saboda nauyin da aka yi ta domin shi. Tsohuwar Hilux mai ja da baya kaɗai tana da biyar a kan 114.3, mai ja da ƙafa huɗu kuma shida a kan 139.7. Duk da haka ka auna taka da hannunka, domin motar da ta shekara talatin ko arba'in a hannun kanikawa, ba mamaki an taɓa sauya mata aksul. In ramuka huɗu ne ko shida, awon mai sauƙi ne: daga tsakiyar bol zuwa tsakiyar wanda ke fuskantarsa. In biyar ne babu mai fuskantar wani, sai ka auna tsakanin maƙwabta biyu, tsakiya zuwa tsakiya, ka ninka da 1.701. Ka sami kusan milimita 82, to kana wajen 140. Ka sami 67, to 114.3 ne.

A nan ne mai Fijo zai gane cewa zaɓinsa kaɗan ne, domin rim na aloi da suka cika kasuwa na Toyota da Honda ne masu 114.3, ba za su shiga ba. Kuma a nan ne za a ba shi shawarar da nake roƙon ya ƙi: a kai wa mai injin huji ya buɗe sababbin ramuka, ko a goge tsofaffin da zarto su yi tsawo. Ramin noti yana da mazaunin da aka ƙera daidai da bakin notin. In aka ɓata mazaunin, notin zai riƙe da gefe ɗaya, ya riƙa kwancewa a hankali, bol ya gaji ya tsinke. Gara ka yi haƙuri ka aika Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, da awonka a rubuce, a nemo wanda ya dace.

Na biyu shi ne ramin tsakiya. Dole ya shige kan cibiyar ƙafa har bayan rim ya kwanta sumul a jikin ƙarfe. In ya yi ƙanƙanta ba zai zauna ba, kuma kada a tilasta shi da noti. In ya yi girma, ana sa zoben da ke cike giɓin, in ba haka ba sitiyari kan yi rawa idan gudu ya kai wajen 80 zuwa 100.

Na uku shi ne wanda ya fi wahalar da masu sauke mota, don haka zan ɗan daɗe a kansa. A bayan rim za ka ga rubutu kamar 7Jx15 ET25. Bakwai ɗin faɗin rim ne da inci, 15 girmansa, lambar da ke bin ET kuma tana gaya maka milimita nawa fuskar da ke manne wa mota ta gusa daga tsakiyar faɗin rim zuwa waje. Babbar lamba tana shigar da ƙafa ciki ƙarƙashin mota, ƙaramar lamba tana turo ta waje. Ga misali. A ce tsohon rim ɗinka faɗin inci 6 ne da ET40, sabon kuma inci 7 da ET25. Ƙarin inci ɗaya milimita 25.4 ne, rabinsa ya tafi ciki, rabi waje, wato 12.7 kowane gefe. Bambancin 40 da 25 kuma ya tura ƙafar gaba ɗaya waje da milimita 15. Ka ga bakin waje ya fito da kusan milimita 28, na ciki kuma ya ja baya daga shakazoba da milimita biyu kacal. A motar da ba a sauke ba, wannan 28 ba zai dame ka ba, domin fenda na can sama. A wadda aka sauke, leɓen fenda ya sauko daidai kafaɗar taya, kuma tudun rage gudu na farko da ka hau zai yanka ta.

Yadda za ka san sararin da kake da shi ba ya buƙatar na'ura. Ka tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen wuri, ka ɗaura noti a bakin zare, ka sako shi daga cikin leɓen fenda, ka auna daga zaren zuwa gefen tayar da ke kai yanzu. Wannan shi ne iyakar abin da za ka iya fitowa da shi, ka kuma rage kaurin yatsa. Sannan ka zura hannu ta baya ka auna tazarar taya da sifirin, da shakazoba, da bututun birki. A gaba ka murɗa sitiyari har ƙarshe dama da hagu ka sake dubawa. Ka auna ɓangarorin biyu, domin tsohuwar mota da ta sha hatsari da gyaran bodi da wuya hagu da damanta su zo ɗaya. Idan rubutun ET ya goge a jikin rim na gwanjo, ka kife shi a ƙasa, ka gitta miƙaƙƙen katako a bayansa, ka auna zuwa fuskar da ke manne wa mota, ka cire rabin faɗin rim ɗin gaba ɗaya daga leɓe zuwa leɓe. Abin da ya rage shi ne lambar.

Ko da fenda ta bar maka wuri, turo ƙafa waje da yawa yana da farashi. Nauyin mota yana barin tsakiyar boris ya koma gefe, boris ya riƙa mutuwa da wuri, sitiyari ya yi nauyi ya riƙa fizgar hannu a duk ramin da aka faɗa. Ka tsaya kusa da lambar asali gwargwadon iko.

Na huɗu shi ne nauyin da rim zai iya ɗauka. Wanda aka cire daga ƙaramar motar shiga an ƙera shi ne don mutum biyar da jakunkunansu. Rim mai kyau yakan zo da nauyinsa a rubuce a baya da kilo. Na Japan suna ɗauke da tambarin JWL, waɗanda aka gwada don motocin kaya kuma JWL-T. Ana buga tambarin jabu, saboda haka ka haɗa da duban kaurin ƙarfen da tsabtar zubinsa.

Taya

Ƙa'idar ita ce tsayin ƙafa gaba ɗaya, rim da taya, ya tsaya kusa da na asali, kada bambancin ya wuce kashi 3 cikin ɗari. Mu ɗauki 185 R14C da tsofaffin motocin kaya da yawa ke amfani da ita. Tsayinta kusan milimita 652 ne, gefenta kuma kusan 148. In ka koma inci 15 ka sa 195/70 R15C, tsayin 654 ne, kamar ba a canza komai ba, gefen kuma 136. A inci 16, 215/60 tana ba da 664 da gefe 129. Amma 215/45 R17 da matasa ke so, tsayinta 625 ne, gefenta bai kai milimita 100 ba. Maleji zai nuna 100 kana kan 96, motar ta ƙara sauka ba da shirinka ba, kuma wannan siririn gefen shi kaɗai ke tsakanin aloi ɗinka da bakin rami.

Sai lambar lodi, wadda ke bin girman taya. Lamba 91 tana nufin kilo 615, 102 kilo 850, 104 kilo 900. Tayoyin baya biyu masu 91 iyakarsu kilo 1,230. Buhu 20 na siminti tan ɗaya ne cif, mafi yawansa a kan aksul na baya yake zama, ga kuma nauyin bayan motar kanta. Lissafin ya wuce iyaka tun ba a bar bakin shago ba. Masu 102 kuwa suna ba ka kilo 1,700. Harafin C da ke ƙarshen girman taya shi ke nuna ta motar kaya ce, mai ƙarfin gefe. Ga motar da za ta taɓa lodi ko sau ɗaya a wata, ban ga dalilin barin tayar C ba.

Zafin Sakkwato ma yana cikin lissafi. A Afrilu da Mayu ma'auni kan haura digiri 40 a inuwa, kwalta kuma ta fi haka nesa. Tsohuwar taya da ta bushe ba ta jure wannan. A gefen kowace taya, ƙarshen layin da ya fara da DOT, akwai lambobi huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2423, an yi ta a mako na 24 na 2023. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta daɗe tana gargaɗin cewa taya ta tashi aiki bayan shekara huɗu da ƙera ta, kuma jami'anta na duba wannan lamba a hanya. Zanen taya na iya zama kamar sabo alhali robar ta mutu.

Yawancinmu rim na gwanjo za mu saya, kuma ba laifi ba ne, amma araha ba ta ado. Ka sa a wanke shi tas kafin ciniki. Ka duba bayan ƙafafunsa da kewayen ramukan noti ko akwai siririn tsagu. Ka shafa cikin leɓe ka ji ko akwai tudun walda da aka goge. Sabon fenti a tsohon rim dalili ne na ƙara dubawa. Aloi da ya tsage aka yi masa walda ba na ƙafar motar kaya ba ne, ko nawa aka rage maka. In mai shago ya yarda, a ɗora kowanne a injin balansin a juya shi ba taya, ido zai ga wanda ya karkace. Ka kuma nemi sharaɗin gwada ɗaya a motar kafin ka biya kuɗin huɗu.

Ranar ɗaurawa

A fara da rim ɗaya ba taya, a ƙafar gaba. A goge tsatsar fuskar cibiya da burushin ƙarfe, a ɗora, a juya da hannu a saurara ko yana taɓa kalifar birki. Ɗan yumɓu da aka manna a kan kalifar zai nuna tazarar da ta rage, kuma kada ta gaza milimita uku. Daga nan a sa taya ɗaya, a sauke motar daga jak, a ɗora mata mutane ko buhuna gwargwadon lodin da za ta riƙa ɗauka, a shafa alli a cikin fenda, a zaga da ita a hau tudu a karya kwana. Duk inda allin ya goge ko ya hau taya, nan ake gugar. Sai wannan gwaji ya yi kyau za a ɗaura sauran.

Notin tsohon rim ba lalle ya dace da sabo ba. Wani mazaunin mai tsini ne kamar mazurari, wani shimfiɗaɗɗe ne mai wasa, irin na aloi ɗin Toyota na asali. Bakin noti da mazauninsa dole su zama iri ɗaya. Aloi ya fi rim na ƙarfe kauri, yana cinye tsawon bol, don haka ka ƙirga juyin da noti ke yi kafin ya kama. A bol mai kaurin milimita 12 da zare 1.5, irin na Toyota, juyi takwas ake so. In ya gaza, a sauya bol masu tsawo. A fara ɗaura kowane noti da yatsu, a ƙara matsewa ana tsallake ɗaya zuwa na gaba da shi, ba a bi su a jere ba. Kada a shafa wa bol giris ko baƙin mai. Kada yaron gareji ya zura bututu a sifana ya hau kai da ƙafa, domin matsewar da ta wuce kima tana miƙar da bol har ya raunana. Sifana mai awo ita ce daidai, kuma ga bol na milimita 12 yawancin kamfanoni suna ba da awo a wajajen 100 zuwa 120 Nm. In littafin motar yana nan, a bi nasa.

A sa sababbin bawul, a yi balansin na ƙafa huɗu, sannan a kai ta alaimen, domin saukewa tana sauya tsayuwar ƙafafun gaba, kuma ba tare da saiti ba sabuwar taya za ta cinye ta ciki cikin 'yan watanni. A gyara saitin fitilun gaba. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a sake bin notuna duka. Zuwa Bodinga da dawowa ya kusa isa wannan awo. Iska kuma da safe ake auna ta kafin a fita. In mai faci ya auna da rana tsaka ya ga ta hau, kada a rage, zafi ne ya ɗaga ta.

Ka tuna da safaya. In ta ƙarfe ce, ka ajiye notunanta na asali a cikin motar, kuma tsayinta ya yi daidai da sauran. Ka gwada jak ɗinka a gida bayan ka sace iskar taya ɗaya, domin motar da aka sauke in ta yi faci, sau da yawa jak ba ya samun wurin shiga. Guntun katako mai kauri da za ka hau da ƙafar a kai yana warware wannan.

Ga wanda ya nemi ra'ayina: a sauke tsohuwar akori-kura inci biyu, a tsaya a rim mai inci 15, in an matsa 16, da tayar C mai cikakken gefe. Idan ba a sami aloi mai ramukan da suka dace ba, a kankare rim ɗinta na ƙarfe na asali, a yi masa fenti mai kyau, a nemo murfinsa mai sheƙi. Yana yi wa Fijo kyau ƙwarai, kuma in ya lotse a rami, guduma na iya miƙe shi a kowane gari tsakanin Sakkwato da Illela.